Sun Yanka Dunƙule Ranar Sadakar Inna

Sun yanka Dunƙule. Da wannan zan fara, don shi ne ya tokare mani wuya. Sun yanka shi ranar sadakar bakwai ta kakata, sunka dafa, sunka ci, sunka suɗe yatsu, sannan sunka ɗaga hannu da maiƙonshi sunka ce Allah shi kai lada kabarinta. Dunƙule shi ne bijimi na ƙarshe cikin gajerun shanun da tsohuwar nan ta ƙare rayuwarta tana tsaro. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta tahi, kuma ƙasar kabarinta ba ta ko bushe ba anka bi ta da shi.

Ku da kunka san ni makaranta kun san ba ni da fushi. Ni ne mai shewa bayan aji, ni ne mai laƙaba wa malamai suna, ko sakamako ya fito da ja ni dariya nake. To yau ba wancan gayen ne ke rubutu ba. Ina zaune kafen intanet, yatsuna na gudu bisa maɓallai kamar an biyo su da bulala, in kun ga kuskure ku tsallake shi kawai.

Ga yadda labarin ya iske ni. Ranar da munka rubuta takarda ta ƙarshe na fito ina tsalle, don abu biyu sunka haɗu mani. Jarabawa ta yi daɗi ba ƙarya, kuma malamin da zai duba furojet ɗina baɗi ya yarda in yi shi kan shanun Inna. Yac ce in hutu ya ƙare za mu je mu ɗebi jininsu a gwada, a ga yadda dangantakarsu take da manyan shanun da kowa ya sani, su Bokoloji da Bunaji. Wallahi har maigadi na rungume. Ina cikin yi wa 'yan ɗakinmu alkawarin tsire sai na hango Kawu, ƙanin mahaifiyata mai jan motar albasa, tsaye bakin get ya riƙe hula a hannu. Ashe Inna ta kusa mako cikin ƙasa. Sun ɓoye mani, wai kada in rikice in faɗi jarabawa. Matar da ta goya ni tun babana ya rasu, anka rufe ta ina can ina haddar sunayen tsutsar ciki.

Mun iso garinmu Kashin Zama da hantsi. Tabarmi shimfiɗe ƙofar gida, mutane cike, na Aliero, na Jega, har dangin Inna Fulani daga wajen Maiyama. Na durƙusa ana yi mani gaisuwa, kunnena kuma shina tsintar abin da ake faɗi.

Wani dattijo yac ce, "Allah sarki, tsohuwa mai haƙuri."

Na ɗaga kai na dube shi. Inna? Haƙuri? Wannan dattijon da kanshi Inna ta taɓa bi da taɓarya har bakin masallaci, don ya saki bijiminshi kusa da turkenta.

Wani yac ce, "Daɗai ba a ji ta da kowa ba."

Ƙarya tsagwaronta. An ji ta da rabin garin ga, sauran rabin ma don ba su da shanu ne sunka tsira.

Sai wani can gefe, bakinshi cike, shina tsotsar ƙashi, yac ce, "Kai jama'a, ɗan sa ƙarami amma nama awa na rago. Ina anka samo irin wanga?"

Ban ko shafa fatiha ba na miƙe na zagaya bayan gida. Ga fata nan an kafe ta da turaku tana shan rana, fara da ɗigon baƙi a wuya. Ga kai cikin kwando, baƙaƙen kunnuwa, tsaga biyu a na hagu, shaidar da Inna ke yi wa kowane maraƙinta da hannunta. Igiyarshi na nan ɗaure ga turke, ba wanda ya ko kwance ta. Bakin danga kuma wata tsohuwa da ban sani ba tana zaune, kwanon nama gabanta a rufe. Ta dube ni tac ce, "Kai na jikan? Ni ban iya ci, ɗana." Zan dawo kanta.

Bari in gaya muku wace ce Inna, tunda masu tabarma sun zana wata mata daban.

Bafillatana ce, 'yar rugar wajen Maiyama, gajera, baƙar magana, ba ta tafiya sai da sanda ko da lafiyarta lau. Kakanninta daga ƙetaren gulbin Kwara sunka hauro da wasu shanu 'yan gajeru, ƙaramin tozo, gajeren ƙaho, farare masu baƙin kunne da baƙin hanci. A littafi Keteku ake ce musu. A garinmu kuwa "awakin Inna" ake ce musu, don iskanci. Da anka aurar da ita ga kakana manomin albasa, da su ta zo, kuma tun ranar ba ta yarda sun zama na gida ba. Nata ne.

Da safe ba ta gaida mutum sai ta gaida su. Za ta tsaya gaban kowace saniya ta kira sunanta, ta kira na uwarta, da na uwar uwarta, tana komawa baya har sai ta kai wadda anka ƙetaro ruwa da ita. Ko ɗiyanta ba ta riƙe asalinsu haka ba. Ni "Maigida" take kirana, irin wasan kaka da jika. In na makara ta buga ƙofa da sanda tac ce, "Maigida, wane irin miji na kai? Nagge sun sha ruwa, kai ko ido ba ka wanke ba. Sake ni in tahi gidanmu." In nic ce na sake ta, sai ta miƙo mani ƙwaryar kindirmo tac ce an mai da aure.

Rigimarta da Baffa, babban ɗanta, wanda shi ne uban gida yanzu, ta fara shekarar da anka ba mu jihar Kebbi. Lokacin ina firamare. Albasa ta yi kyau shekarar, motoci na lodi ba tsayawa, kowa na jin mun zama manya tunda ba sai mun je Sakkwato neman komai ba. Baffa ya tahi kasuwar Jega ya dawo da wani ƙaton bijimin Bokoloji, tozo kamar tulu, fatar wuya na reto har gwiwa. Yara sunka bi shi da shewa har gida, anka raɗa mashi suna Gwamna.

Baffa ya ja shi har gaban Inna yac ce, "Inna, dubi sa. Wanga za shi gyara maki awakin ga, jikokinsu su zan shanu."

Inna ta zagaya Gwamna, ta leƙa ƙarƙashinshi, ta daki cinyarshi da sanda, tac ce, "Wanga ba sa ba na, raƙumi na da anka datse ma wuya. In ya kusanci turkena, kai da shi za ni haɗa."

Baffa yac ce, "Haba Inna, dut iri guda na hwa. Naki Bokoloji na da yunwa ta hana girma."

Tac ce, "Kai yunwa ta hana ma hankali. Nagge na ba su haɗa ko maƙwabci da wanga abu ba."

Ranar ta sa anka saro ƙaya ta kewaye bayan ɗakinta. Duk saniyar da ta nemi sa, Inna za ta ɗaura mata igiya ta ja ta a ƙafa har wajen Kuberi, inda ƙanenta ke da bijimin irinsu. Ba mota, ba jaki. Ta dawo ƙafa a kumbure, ta zauna tana gasa ta da ruwan zafi tana zagin Gwamna. Sau guda shegen ya fasa ƙayar ya shiga. Maraƙin da anka haifa dogo ne, mai kunne faɗa-faɗa. Ranar da anka yaye shi ta jawo shi har zaure gaban baƙi tac ce wa Baffa, "Amshi ɗanka, ya hi kama da kai." Baffa ya kwana biyu bai ci tuwon gida ba.

Kuma kada ku ce ban san hujjar Baffa ba. Na sani. Nonon awakin Inna bai cika ƙaramar ƙwarya. Ba su jan amalanken albasa cikin taɓon fadama. Dillalan Jega ko kallonsu ba su yi. Mutum mai iyali shina da gaskiya in ya so babban sa. Amma akwai damanar da ciyawa ta yi wuya anka gangara da garke duka cikin kurmin bakin gulbi, inda ƙudan tsando ke cizo. Manyan shanun Baffa sunka dawo da sammore, ƙashi da fata, gashi a tsaye, wasu ba su ga kaka ba. Na Inna sun rame su ma, ba zan yi muku ƙarya ba, amma da ƙafarsu sunka shigo gida, kuma sunka haihu. Inna dai ta aika wa Baffa da man shanu cikin ɗan kwano, ta ce a gaya mashi na awaki ne.

Da ƙanenta na Kuberi ya rasu, ɗiyanshi sunka haɗe shanunsu da manya, cikin 'yan shekaru iri ya narke. Dunƙule shi ne maraƙin da ta samo a tafiyarta ta ƙarshe can. Ba ta bari anka dandaƙe shi ba, ba ta bari anka sa mashi garma ba. Ɗan mitsitsi, kafaɗarshi ba ta wuce ƙirjina ba, amma in ya yi kuka sai ka rantse shi ne sarkin garin.

Yanzu ga wurin da ni na shigo. Bayan na yi shekara biyu jami'a, wani malami ya zana muna itace a allo. Reshe guda shanu masu tozo, su Bokoloji da Bunaji. Wani reshen tsoffin shanu marasa tozo, 'yan gajeru irin Muturu, waɗanda sunka riga masu tozo zama ƙasashen ga, sunka saba da ƙudan tsando. Keteku kuwa nan tsakiya suke, inda rassan biyu sunka haɗu tun zamanin da ba mai iya tunawa, har sunka zama iri mai zaman kanshi, suna haihuwar kamarsu. Yac ce in kana ba su bijimi mai tozo, ɗiya bayan ɗiya, wancan jinin na marasa tozo shina raguwa har a neme shi a rasa, shi tahi da juriyar da ya zo da ita. Wallahi na kusa tashi in yi rawa cikin aji. Awakin Inna a allo!

Hutu na zuwa na dira gida da zumuɗi. Na iske Inna na tatsa, Baffa kuma na ɗinke buhunan albasa kusa da danga. Gwamna ya daɗe da tahiya lokacin, ɗanshi ne ke mulkin garke, muna ce mashi Mataimaki.

Nic ce, "Inna, ke da Baffa dut kun kuskure."

Tac ce, "Maigida, boko ya hwara taɓa ka?"

Nic ce, "Baffa yac ce iri guda na, ba haka na ba. Ke kin ce ba su haɗa komi ba, shi ma ba haka na ba. Ta gehe guda kakanninsu sun haɗu da na Bokoloji. Ta ɗaya gehen kuma naki suna da dangin da Bokoloji bai da su."

Ta tsai da tatsa. Ta daɗe tana kallon Mataimaki ta saman ƙaya. Na ga abin bai yi mata daɗi ba, kamar an ce mata ɓarawon unguwa ɗan'uwanta ne. Can tac ce, "To. Taubasai na kenan." Sai ta ɗaga murya, "Kai taubashi! Ƙaton banza, ci ka ƙoshi, ƙuda guda shi kada kai!"

Baffa ya saki allura ya tuntsire da dariya yac ce, "Madalla da boko! Inna, ai taubasai aure sukai. Ni kaina taubashiyata ta cikin ɗakina."

Inna ta juyo tac ce, "Suna aure. Amma in dut ɗiyan gidanmu mata anka kai gidansu, ba mu bar namiji ko guda ba, jikoki sunan wa za su amsa? Gidansu shi cika, namu a shuka albasa ciki."

Baffa ya ci gaba da dariya. Ni ma na yi. Ban san rabin farko kaɗai ya ɗauka ya sa aljihu ba.

Daga ranar kullum sai ta tsokani Mataimaki da wasan taubasai. In ya wuce tac ce ya biya ta kuɗin shara. Amma ƙayar nan ba ta rage ko reshe ba, ƙari ma ta yi. Kuma ta fara tambayata, "Maigida, yaushe malaman naku za su zo su ga jinin? Ka ce su zo da kwalba babba, Dunƙule ba rowa gare shi ba." Abin da na zo in gaya mata kenan. Na zo da albishir, na iske fata a shanye.

Bayan la'asar da mutane sunka ragu na tare Baffa a zaure. Tunda nake ban taɓa tsayawa kanshi shina zaune ba sai ranar.

Nic ce, "Baffa, dut garken ga ba ka ga na yanka ba sai Dunƙule?"

Yac ce, "Zauna, kuma ka rage murya. Akwai baƙi."

Nic ce, "Su ji. Ai sun ci."

Ya dube ni, idanunshi jajur. Yac ce, "Cikin garke wa ta hi so?"

Na kau da kai.

Yac ce, "Tambayarka nikai. Wa ta hi so? To mi za ni ba da sadaka don uwata, abin da ta ƙi jini? In yanka Mataimaki da take zagi sahe da marece, in ce ga ladarki? Na ɗauki abin da ta hi ƙauna na ba Allah. Ka san sau nawa na ɗaga wuƙar na aje?"

Nic ce, "Shi kaɗai ya rage, Baffa. Shi kaɗai."

Yac ce, "Iri bai ɓace ba. Kai da bakinka kac ce dangi na. Ga Bokoloji cike da duniya."

Nan ne na ji kamar in haɗa kaina da bango. Maganata ce ya mai da mani, an yanke mata rabi. Da don mugunta ya yi da na san inda zan aje fushina. Da don Dunƙule ne mafi araha a garke ya yi, da na ce rowa, kuma ban rantse ba wannan lissafin ko kaɗan cikin ranshi ba, Allah kaɗai ya sani. Amma mutumin kuka yake. Ya yanka abin da uwarshi ta yi shekaru tana karewa daga gare shi, kuma har ga Allah shina ganin gata ya yi mata.

Don haka fushina bai tsaya kan Baffa ba. Ina fushi da dattawan da sunka ga ana jan Dunƙule zuwa bayan gida, sun san rigimar tun daga ranar Gwamna, ba wanda ya ce a dakata. Ina fushi da dangin Inna na ruga, su da sunka san mi ake nufi da bijimi na ƙarshe, sunka zauna sunka miƙa hannu cikin kwano. Goggo, ƙanwar babana, ta ce ita ta yi magana, anka ce mata ta koma wajen tukunya, yanka ba zancen mata ba ne. Shanun mace, sadakar mace, amma ba zancen mata ba ne! Ina fushi da waɗanda sunka ɓoye mani rasuwar don takardar jarabawa, da na zo ranar farko da sai dai a yanka ni tare da shi. Ina fushi da mu duka, da muke kallon abu ƙarami mu ce lalatacce ne na babba. In mutum ya ce maka ƙanenka ba shi da amfani tunda ga ka, kuma kun yi kama, ai mari za ka kai mashi. To mi ya sa ga saniya kowa ya yarda?

Saniya biyu sunka rage turken Inna, dukansu sun fara manyanta. Kafin in bar zauren Baffa ya share ido yac ce, "Na bar su cikin ƙayarta har sanyi shi wuce. In ka samo musu miji ka kawo. In bazara ta shigo ba ka samo ba za su bi garke, don ba ni da mai yi musu ciyawa su kaɗai." Kuma in sunka bi garke kun san wa ke jiransu. Maraƙin farko dogo, na biyu ya fi shi, shi ke nan an shuka albasa a gidan.

Yanzu tsohuwar nan ta bakin danga. Da na fito daga zaure tana nan inda na bar ta, kwanon na rufe. Ta ce daga Sarandosa take. Bahausa ce, ba ta haɗa komai da Inna ba sai kasuwa, ita tana sai da daddawa, Inna na sai da nono kusa da ita. Shekarar da mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya ƙanana, wata safiya sai ga Inna ƙofar gidanta riƙe da igiyar karsana. Haɓɓanaye Fulani ke ce ma abin. A ba ka aron saniya ka riƙe, ka sha nono, in ta haihu maruƙan naka ne, daga baya ka mai da uwar ga mai ita. Ba shaida, ba godiya mai tsawo.

Tac ce, "Nic ce mata, Inna, ni mi na sani ga saniya? Tac ce, kin iya goyon ɗiya biyat, wagga ba ta kai su ci ba. Sharaɗi guda ta gindaya mani, in ta nemi sa kada in bari na unguwa su hau ta, in jawo ta nan."

Haka ta riƙa yi. Ɗiyanta da nonon saniyar nan sunka tashi. Ni da nake ɗakin Inna ban taɓa jin wannan labarin ba, kuma tsohuwar ta ce ba ita kaɗai ba ce, akwai wasu matan cikin ƙauyuka da Inna ta yi wa haka. Mu muna nan muna ganin turke na raguwa, Baffa na cewa awakin ma mutuwa suke. Ashe rabon su take. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san za a ce tsohuwa ta ruɗe.

Sai tsohuwar ta kama hannuna tac ce, "Haihuwar ƙarshe namiji na. Ɗan wanga da anka yanka. Ita da kanta ta tsaga mai kunne."

Nic ce, "Iya, ina shi?"

Tac ce lalura ta kama ta kakar bara, ta kai shi kasuwar Jega. Wani manomi ya saye shi, dogon mutum mai giɓi, ya zo bisa keke, yac ce daga wajen Kuberi yake, zai rene shi don huɗa. Sunanshi ba ta sani ba. Da ta zo ta gaya wa Inna, Inna ta zage ta tas har maƙwabta na leƙe. Kashegari ta aika mata da man shanu, da saƙo cewa, "Kada ta damu, Dunƙule na nan."

Dunƙule na nan. Haka Inna ta kwanta ta mutu da hankalinta kwance.

Ku da kunka tashi ƙauye kun san abin da ke biyo baya. San huɗa ba a barin shi da ƙarfinshi. In ya kai wannan girman, sanyi na shiga ake kiran mai dandaƙa, don ciwon shi warke kafin a fara koya mashi garma. Sanyi kuwa ya kusa. Na riga na je wajen Kuberi bisa aron babur, na shiga ƙauye na fita, na tambayi masu shayi da mahauta. Dogon mutum mai giɓi da keke, kowa ya ce ya san uku. Na dawo da ƙaya a taya. Ni kaɗai ba zan iya ba, shi ya sa nake zaune nan ina buga wannan.

Inna ba mai haƙuri ba ce, kada wanda ya ƙara yi mata wannan ƙazafin. Mai faɗa ce, mai taurin kai, mai zagin mutum da safe ta aika mashi man shanu da marece. Ta yi kuskure da ta ce shanunta ba su da dangi, kuma da anka nuna mata ta karɓa, ta mai da abin wasa, amma ba ta sauke ƙayarta ba. Allah shi jiƙanta, shi yafe mata taɓaryar da ta ɗaga wa bayinshi, shi ba ta inuwa da ruwan sanyi. Ladar naman ma Allah shi kai mata, tunda an riga an ci. Ku ce amin.

Sannan ga abin da nake roƙo. Ana neman ɗan bijimi gajere, fari, baƙin kunne, baƙin hanci, ƙaramin tozo, tsaga biyu a kunnen hagu. Wajen Kuberi ko ƙauyukan da ke kewaye. Haka ma duk matar da Inna ta taɓa ba haɓɓanaye, in akwai namiji mai wannan tsagar a turkenki, ko kin san inda ya tahi, ki yi magana. Wanda ya gan shi shi gaya wa kowane direban albasa mai lodi Aliero cewa a sanar da jikan mai gajerun shanu na Kashin Zama, saƙon zai iske ni.

Ku gaya wa mai shi kada shi kira mai dandaƙa tukuna. Ba ƙwace mashi za mu yi ba. Aro muke so, shi yi kwanakinshi cikin ƙayar Inna tare da shanun nan biyu, mu mai da mashi abinshi da igiyarshi, yadda ita ta saba yi wa mutane.

Mai imel shi tura wa na gaba. Wanda zai je gida hutu shi buga a takarda, shi karanta wa 'yan lodi, da dillalan shanu na Jega, da tsoffi mata masu sai da nono. Don Allah kada ka karanta ka rufe. Ka tura wa wani kafin sanyi shi shigo.